Babi na Bakwai: Faifan da Za Ka Gwada Lasifika da Shi

Duk mai sayar da kayan sauti yana da waƙarsa ta gwaji, kuma ba da ka ya zaɓe ta ba. Waƙa ce mai dukan ƙirji daga ƙasa, mai ƙyalƙyali daga sama, wadda babu wani abu mai wuya a tsakiyarta. Zai sa maka ita, ya murɗa ƙara har gilashin kanta ya fara karkarwa, sannan ya dube ka ya ce, "Alhaji, ka ji bes kuwa?" Lallai ka ji. Abin da ba ka ji ba shi ne yadda akwatin nan zai yi da muryar mutum ɗaya yana magana a hankali da ƙarfe goman dare, ko yadda zai yi da makaɗa goma sha biyu sun haɗu a kan kiɗa ɗaya. Wannan sai an kai gida ake ganewa, lokacin kuwa kuɗi sun riga sun sauya aljihu.

Lambobin da ke jikin kwali ma ba za su cece ka ba. Akwatin da aka rubuta wa wat 5,000 da haruffan PMPO a gefe, sau da yawa ƙarfinsa na gaskiya, wanda ake rubutawa da RMS, bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ko da lambar ta gaskiya ce, ƙarfi take faɗa maka, ba daɗin amo ba. Wanda ya san kasuwar hatsi da tiyarsa yake zuwa. Haka mai sayen lasifika ya kamata ya je da nasa faifan, ko CD ne, ko filash, ko abin da ya adana a waya. Wannan babi a kan yadda za a haɗa wannan ɗan ƙunshi yake: 'yan waƙoƙi, kowace da aikinta.

Sharaɗi na farko: ka san shi ciki da bai

Kunnen ɗan Adam gwani ne wajen gane bambanci, amma mantuwa gare shi. Ƙananan siffofin amo ba sa zama a ƙwaƙwalwa fiye da 'yan daƙiƙoƙi. In aka sa maka waƙar da ba ka taɓa ji ba, ba ka da yadda za ka raba laifin lasifika da laifin wanda ya ɗauki waƙar. Muryar ta fito ta hanci: haka mawaƙin yake, ko akwatin ne ya mayar da shi haka? Ba ka da amsa. Amma waƙar da ka ji sau ɗari, a mota, a waya, a gidan aboki, ka san inda mawaƙin yake jan numfashi, ka san inda 'yan amshi suke shigowa. Da zarar wani abu ya ɓace ko ya ƙaru, jikinka zai gaya maka tun kafin ka yi tunani.

Akwai matakin da ya fi wannan, wato ka san ainihin abin da aka ɗauka, ba faifansa kaɗai ba. A nan mai sauraro Bahaushe yana da jarin da bai san yana da shi ba. Mutum nawa ne cikinmu ya taɓa zama kusa da babban fiyanon katako irin na zauren kiɗan Turai? Kaɗan ne ƙwarai. Amma kalangu fa? Ka tsaya gaban makaɗi a wurin biki ko a bakin mahauta, ka ji yadda amon yake tashi in ya matse tsirkiya a hammata, ya sauka in ya saki. Ka ji kukan goge, ka ji algaita ranar hawan salla, ka ji ƙwarya a tsakar gida ranar suna, duk ba tare da wata waya ko makirufo a tsakaninku ba. Wannan ne ma'auni mafi gaskiya, domin abin da ake nema ga lasifika shi ne ta maido da amo yadda yake, ba ta yi masa kwalliya ba.

Ƙasa, tsakiya, sama

Kafin mu shiga jerin faifan, ga taƙaitaccen bayanin da za mu dogara da shi. Amo girgizar iska ne, kuma ana ƙirga yawan girgizar a kowace daƙiƙa da ma'aunin haz. Lafiyayyen kunnen yaro yana ji daga haz 20 zuwa 20,000, saman yana raguwa da shekaru. Daga ƙasa zuwa wajen 250 shi ne amo mai kauri, wanda ake ce wa bes, aikin babbar lasifikar nan ce da ake kira wufa. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana ba da haz 41, maɓalli na ƙarshe a hagun fiyano yana ba da 27.5. Daga 250 zuwa wajen 4,000 tsakiya ce, inda murya da yawancin kayan kiɗa suke zaune. Abin da ya haura haka shi ne sama: tsartuwar harafin "s", ƙarar caki, ƙarar farantan ƙarfe na mai ganga. Wannan aikin ƙaramar lasifikar nan ce da ake kira tuwita.

Mai shago yana nuna maka ƙasa da sama ne domin su ke saurin burge kunne. Kai kuwa daga tsakiya za ka fara.

Na ɗaya: murya tsirara

Babu amon da kunne ya sani kamar muryar mutum, tun daga tsumman goyo yake nazarinta. Injiniyoyi sun daɗe da gane haka. Lokacin da Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa a garin Erlangen na Jamus suke gina tsarin MP3, sun yi ta gwada shi da kiɗe-kiɗe iri-iri yana wucewa lafiya, sai da suka sa masa "Tom's Diner" ta Suzanne Vega, wadda ta fito a 1987. Waƙa ce ta minti biyu, murya kaɗai, babu ganga babu jita. Nan tsarin ya tona kansa, muryar ta fito a dagule. Brandenburg ya saurari waƙar sau ɗaruruwa yana gyara kafin ta daidaita. Inda babu kiɗa, kuskure ba shi da wurin ɓuya.

Saboda haka faifanka na farko ya zama murya ita kaɗai. Ga gidaje da yawa ma ba sai an je neman waƙa ba, domin abin da aka fi saurare da na'urar shi ne karatun Alƙur'ani da tafsiri. Karatu ba kiɗa ba ne, kuma ba a haɗa su, amma wanda ya yi makarantar allo yana da kunnen da ya horu a kan mafitar haruffa. Ɗauki karatun da aka naɗa da kyau ba tare da an cika masa amsa-kuwwa ba, irin na Shaihu Mahmud Khalil al-Husari, wanda a 1961 ya zama na farko da aka naɗi karatunsa na Alƙur'ani cikakke a Masar, kuma har yau malaman tajwidi suna nuna shi saboda fitar haruffansa. Saurara: sinun da sadi sun rabu? Ha mai fitowa daga tsakiyar maƙogwaro ta bambanta da ta ƙirji? Gunna tana fitowa a tausashe ko tana gunji? In lasifika ta cakuɗa waɗannan, duk dukan ƙirjin da take yi ba zai amfane ka ba.

Ka haɗa da muryar mace ɗaya da ta namiji ɗaya. Muryar namiji mai kauri tana tona akwatin da katakonsa ke amsawa: za ka ji kamar mutumin yana magana daga cikin durom. Ta mace kuwa tana tona tuwita mai kaifi, inda kowane "s" zai riƙa sukar kunne.

Na biyu: tsohon faifai mai hanya ɗaya

Za a ce, to ina Shata, ina Ɗanƙwairo, ina Ɗan Maraya? Dole a faɗi gaskiya a nan. Yawancin abin da ke yawo na manyan makaɗanmu an ɗauke shi ne a gidajen rediyo ko a filin wasa, aka juya daga kaset zuwa kaset, daga baya aka mayar da shi MP3, aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya. Samansa ya guntule, ƙasansa ya yi laushi, ga shuuu ɗin kaset a bayansa. Ba za ka auna iyakar lasifika da shi ba.

Amma yana da aikin da faifan zamani ba zai yi maka da sauƙi ba. Irin waɗannan ɗauka yawanci mono ne, wato abin da ke fita ta lasifikar hagu shi ne daidai abin da ke fita ta dama. Zauna a tsakiya, nisanka da kowace lasifika ya zama daidai da nisan da ke tsakaninsu, ka sa Bakandamiya, ka rufe ido. In komai yana daidai, za ka ji Shata tsaye cak a wuri ɗaya, tsakanin akwatunan biyu, inda babu lasifika ko ɗaya. In ya karkata gefe guda, ɗaya ta fi ɗaya ƙara, ko kuma bangon wani gefen yana dawo da amo. In kuwa muryar ta watse, ka kasa nuna inda take, kalangun kuma ya rame, to duba bayan akwati: an juya waya, ja ta shiga gurbin baƙa a lasifika ɗaya. Sai ɗaya tana tura iska ɗaya tana ja, amon ƙasa yana kashe kansa. Gidaje da yawa sun shekara a haka suna zagin na'ura, alhali gyaran na minti ɗaya ne.

Kuntigin Ɗan Maraya Jos ma yana da nasa aikin. Tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan ƙaramin gwangwani da aka rufe da fata, amonta gajere ne, mai tsalle, yana mutuwa nan take. Lasifika mai nauyin jiki takan ja masa wutsiya, sai bugu ya hau kan bugu.

Na uku: bes mai magana, ba mai gurnani ba

Yawancin ƙananan hom tiyata an gina wufarsu ne ta yi kumburi a wuri ɗaya. Kowane amon ƙasa da ya shigo, da wannan murya ɗaya yake fita: bum, bum, bum. A shago abin yana burgewa, a gida bayan rabin awa kai ya fara ciwo. Gwajin bes na gaskiya ba yawansa ba ne, a'a, ka iya bin sa yana hawa yana sauka kamar yadda kake bin zancen kalangu.

A nan ana son faifai biyu. Na farko mai bes na katako, wanda ake ja da yatsa. Wanda aka fi sani shi ne "So What", waƙar farko a kundin Kind of Blue na Miles Davis, da aka ɗauka a 1959 a wata tsohuwar majami'a da kamfanin Columbia ya mayar sitidiyo a birnin New York. Paul Chambers ne yake jan jigon waƙar da bes, sauran makaɗa suna amsa masa. Kowane ja ya kamata ya fito da tsayinsa daban, kuma da ƙarfi kusan ɗaya. In wani ya kumbura ya cika ɗaki, wani kuma ya ɓace, akwai matsala.

Sai dai kada ka yi saurin ɗora wa lasifika laifi, domin ɗaki ma yana da nasa amon. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka ɗakin da tsawonsa mita huɗu ne yana amsawa da ƙarfi a wajen haz 43 da ninkinsa, 86. Falon siminti mai tayil, babu kafet babu labule mai kauri, ya fi kowane tsananta wannan. Tashi ka zagaya yayin da bes ɗin ke tafiya. Za ka iske a kusurwa ya yi yawa, a tsakiyar ɗaki ya ragu. Janye akwatin daga bango da taku ɗaya ko biyu, ka sake sa waƙar. In ya gyaru, ɗakin ne.

Na biyu kuma mai bes na na'ura, wanda ke sauka can ƙasa. Kowace waƙar amapiano da ka sani sosai za ta yi, saboda gangar nan tata mai zurfi. A nan abin da kake nema shi ne alamun wahala: fuf-fuf na iska daga ramin akwatin, kakkarwar katako ko roba, ko muryar mawaƙi ta dusashe duk lokacin da gangar ta sauka. Wannan na ƙarshe yana nuna amfilfaya ce ta gaza, wutar da take da ita ta tafi ga wufa.

Na huɗu: tsirkiya da sama

Don saman amo, ka nemi kayan tsirkiya da aka ɗauka a ɗaki na gaske. Ban san wanda ya fi kundin In the Heart of the Moon dacewa da kunnenmu ba, na Ali Farka Touré da Toumani Diabaté, wanda aka ɗauka a otal ɗin Mandé da ke bakin kogin Neja a Bamako, ya fito a 2005, ya kuma ci kyautar Grammy. Jita ce da kora, molon nan na Mandinka mai tsirkiya 21, kuma an yi ɗaukar ne ba tare da dogon shiri ba. Abubuwa uku za ka saurara. Farkon bugu, wato taɓawar yatsa a kan tsirkiya. Jikin amon, wanda a kora ya kamata ka ji ƙwarya da fata a cikinsa, ba ƙarfe ba. Sai mutuwarsa, yadda yake dusashewa a hankali har ya ƙare. Tuwita mai arha takan fito da na farko ta cinye na uku, sai komai ya zama cas-cas.

Mai goge ko kukuma da aka ɗauka da kyau shi ma gwaji ne mai tsanani. Izga a kan izga tana da ɗan kaushi na halitta. Lasifika mai laushin sama za ta shafe kaushin har gogen ya koma kamar sarewa, mai kaifin sama kuwa za ta mayar da shi zarto. Kai da ka san goge, ka san inda gaskiyar take.

Na biyar: daga raɗa zuwa tsawa

Kiɗa na gaske yana da hawa da sauka. Tazarar da ke tsakanin wuri mafi shiru da wuri mafi ƙara ita ce ke sa tsikar jiki ta tashi, kuma ita ce ke gwada amfilfaya. A 1979 kamfanin Telarc na Amurka ya fitar da faifan garmaho na kiɗan "1812" na Tchaikovsky, wanda aka sa harbin igwa na gaske a ƙarshensa. Harbin ya riƙa fitar da allurar garmaho daga layinta a gidaje da yawa, har faifan ya zama abin gwada na'ura a duniya.

Ba sai ka nemi igwa ba. "Stimela" ta Hugh Masekela, ɗan Afirka ta Kudu, wadda aka ɗauka kai tsaye a gidan rawar Blues Alley na birnin Washington a 1993, ta ishe ka. Labarin jirgin ƙasa ne mai kwaso 'yan ci-rani zuwa ramukan ma'adinai na Johannesburg. Masekela yana farawa da magana ƙasa-ƙasa, ganga tana taruwa a bayansa a hankali, sai ya kwaikwayi kukan jirgi da bakinsa, komai ya fashe gaba ɗaya. Daidaita ƙarar a inda maganar take fita sarai, kada ka sake taɓa ta. In fashewar ta zo, na'ura mai ƙarfi za ta buɗe ba tare da amon ya sauya kama ba. Mai rauni za ta tauye, ko ta fara tsagewa. Da ka ji tsagewa ka rage nan da nan, domin amfilfayar da aka matsa fiye da ƙarfinta ita ce ta fi ƙona tuwita.

Ka sani ba kowane faifai ne yake da wannan tazara ba. Tun daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar danne waƙa, ana ɗaga wuraren shiru ana aske na ƙara, don ta fi ta wasu amo a rediyo. Abin ya kai ga a 2008 masoyan ƙungiyar Metallica suka yi ta ƙorafi kan kundin Death Magnetic, bayan sun gano cewa wanda aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero, da ba a danne shi haka ba, ya fi na CD daɗin ji. Faifan da aka danne ba zai nuna maka hawa da sauka ba, ko da a kan na'urar miliyoyi ka sa shi.

Na shida: cunkoso

Lasifika da yawa suna yin kyau da mutum ɗaya da jitarsa, amma da an taru sai su rikice. Nemi waƙar da makaɗa suka yi yawa. "Water No Get Enemy" ta Fela Kuti, ta 1975, misali ce mai kyau: masu busa a jere, jita, bes, fiyanon lantarki, caki, 'yan amshi, ga Tony Allen a kan ganguna. Zaɓi abu ɗaya, a ce cakin, ka bi shi daga farko har masu busa su shigo. Yana nan, ko ya nutse? Sake sa wurin, ka bi bes. In kana iya bin kowanne yadda ka ga dama, na'urar tana rarrabewa.

Masu binciken kamfanin Harman a Amurka, ƙarƙashin Floyd Toole da Sean Olive, sun shafe shekaru suna sa mutane su saurari lasifiku a bayan labule, ba su ga suna ba, ba su ga kuɗi ba. Cikin abin da suka gano akwai cewa waƙar da ta cika ƙasa da tsakiya da sama a lokaci guda ta fi saurin tona bambancin lasifiku, kuma ɗaya daga waɗanda suka fi amfani da su ita ce "Fast Car" ta Tracy Chapman, ta 1988. Sun kuma nuna cewa in mutum yana ganin akwatin, girmansa da ƙyallinsa suna sauya hukuncinsa. Mukan ce gani ya kori ji. A wannan fage, ganin ne yake ɓata ji.

Na bakwai: abin da za ka riƙa ji kullum

Kuskuren masu zurfafawa a wannan harka shi ne su sayi na'urar da ba ta daɗi sai da faifai goma na musamman. In abin da ake sawa a gidanka waƙoƙin fim ne da na biki, waɗanda aka haɗa da fiyanon sitidiyo, aka gyara murya da Auto-Tune, aka danne su don su yi amo a waya da lasifikar Keke Napep, to dole ɗaya ko biyu daga cikinsu su shiga ƙunshin. Irin waɗannan sukan zo da sama mai yawa. A kan lasifika mai kaifi, minti goma sun isa su gajiyar da kai. Ba aibi ba ne ka zaɓi wadda ta ɗan fi sassauci saboda su. Kai za ka zauna da ita, ba mai sharhi a mujalla ba.

Daga ina faifan ya fito?

Duk wannan zaɓe zai tashi a banza in kwafin da ke hannunka gurgu ne. CD, tun fitowarsa a 1982, yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 ɗin da masu tura waƙa suka fi zubawa a memori yana da 128, wato an zubar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya na bayanan, kuma yawanci an yanke duk abin da ya haura haz 16,000. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa: duba nauyin waƙar. Ta minti biyar in ta tsaya a megabait biyar, 128 ce. In ta kai goma sha biyu, 320 ce, kuma wannan ta wadatar ga yawancin kunnuwa. In ta kai talatin zuwa hamsin, FLAC ce ko WAV, wato ba a zubar da komai ba. Sai dai a kula, mayar da 128 zuwa 320 nauyi kawai yake ƙara mata, abin da aka zubar ba ya dawowa. Waƙar da aka ciro daga bidiyon da ya sha tura-tura a WhatsApp kuwa, kada ma ta shiga lissafi.

Bluetooth shi ma yana sake matse amo kafin ya aika. In da hali, yi gwajin da filash ko da waya mai jona. In kuma ka san da Bluetooth za ka riƙa amfani a gida, gwada duka biyun ka ji tazarar da ke tsakaninsu.

Ranar gwaji

Kada ka sa waƙa daga farko har ƙarshe. Tun a gida ka ware daƙiƙa ashirin zuwa talatin daga kowace, ka rubuta inda suke farawa da abin da kake nema a ciki. Sa wurin a lasifika ta farko, sa shi nan take a ta biyu, ka koma ta farko.

Ka roƙi mai shago ya mayar da maɓallan bes da na sama tsakiya, ya kashe duk wani maɓallin ƙarin armashi. Sannan, abu mafi muhimmanci, ƙarar lasifikun biyu ta zama ɗaya. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne ba ya jin ƙasa da sama sosai in amo ya yi ƙasa-ƙasa, yana ƙara jin su in an ɗaga. Ma'anar wannan a shago ita ce, wadda ta fi ƙara ko da desibel ɗaya ne za ta yi kamar ta fi cika da armashi, ko da ba ta fi ba. Manhajar auna ƙara ta waya ba ta kai ta ƙwararru ba, amma ta isa ta daidaita maka biyu.

Gwada a ƙarar da za ka riƙa ji a gida, sannan ka rage sosai ka sake sa faifan murya. Lasifikar da ba ta farkawa sai an ƙure ta ba ta dace da gidan da ake da yara da maƙwabta ba. Kada kuma ka daɗe a ƙara mai yawa: shawarar masu binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. Kunnen da ya gaji ba ya hukunci, saboda haka in ka yi rabin awa, fita ka sha iska.

In ka samu mai shagon da zai yarda ka kai gida ka gwada kwana ɗaya, ka riƙe shi da kyau, domin ɗakinka ne zai yanke hukuncin ƙarshe. In kuwa ya hana ka sa naka faifan, ya ce sai nasa, ka yi masa godiya ka wuce shago na gaba. Wanda ya yarda da kayansa ba ya tsoron waƙar da ka zo da ita.